Idan 'yarki nas ce, kar ki tambaye ta ciwon maƙwabciya

Yawancinmu idan yarinya ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya, abin da muke hangowa shi ne allura, ƙarin ruwa da awon hawan jini. Duk za a koya mata. Amma akwai darasin da malamai ke nanatawa tun kafin a bar ɗaliba ta riƙe sirinji, wato riƙe sirrin majiyyaci. Mu iyaye mata kuwa mun fi kowa gwada yaranmu a kansa.

Yarinya ta dawo daga aikin kwana a gajiye, ko hijabi ba ta cire ba an tare ta: "An ce an kwantar da matar wane a wurinku, ɓari ta yi ko?" In ta yi shiru, a ce boko ya sa mata girman kai.

Ba girman kai ba ne, 'yar'uwa. Tun alkawarin da aka rubuta wa ma'aikatan jinya a Amurka a 1893, wanda aka laƙaba wa sunan Florence Nightingale, maganar sirri tana ciki. A nan gida, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana fitar da bayanin majiyyaci sai da yardarsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko inda doka ta wajabta, ko kuma idan yin shiru zai jefa jama'a cikin haɗari. Shi ya sa ake kai rahoton kwalara da zazzaɓin Lassa, amma ga hukumomin lafiya ake kaiwa, ba gidan biki ba. Majalisar kula da aikin jinya da ungozoma, wadda ke ba da lasisi, tana iya hukunta wadda ta saɓa. Karatun shekara 3 a kwaleji ko 5 a jami'a, sai hirar tsakar gida ta salwantar da shi?

Abin da ya fi damuna ma ba lasisin ba ne. A unguwa kowa ya san kowa. Ranar da aka ji bakin nas ɗin asibitin unguwa ba ya shiru, mai ƙaramin ciki za ta jinkirta zuwa awo. Mai son tazarar haihuwa za ta koma kemis a ɓoye. Gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, wanda ake yi wa masu ciki don a kare jariri, wasu su gudu masa gaba ɗaya. Wadda ta daɗe tana ganin jini kuma ta ci gaba da jiƙe-jiƙe har abin ya yi nisa.

Kuma sirrin ya haɗa da waya. Hoton katin asibiti ko sakamakon gwaji da aka tura WhatsApp na dangi "don a taya da addu'a" tonon asiri ne, ko da niyya ta gari aka yi.

In kina son sanin halin da maƙwabciyar take ciki, ki dama kunu ki je dubiya. Abin da ta ga dama za ta faɗa miki da bakinta.