Ga Wa Yesu Ya Yi Maganar Gidan Wuta?

 An saba karanta zancen iri da taki da maganin ƙwari a wannan shafi, saboda haka wani zai yi mamaki ya ga malamin gona ya ɗauko maganar gidan wuta. Dalili kuwa shi ne kalmar nan ta yi araha a bakinmu. A nan Unguwar Mu'azu cikin Kaduna, da ƙauyukan da nake zagawa wajen aiki, ba a kwana biyu ban ji wani ya tura wani wuta ba. Wanda ya ƙi biyan bashi ɗan wuta ne. Shanu sun shiga gona, mai su da zuriyarsa duk 'yan wuta ne. Maƙwabcin da ba ya zuwa sujada tare da mu, shi kam an daɗe da yanke masa hukunci. Amma da wuya ka ji mutum ya ambaci wutar nan yana jin tsoronta domin kansa.

Ni dai na gaskata akwai ta, kuma wanda ya sa na gaskata shi ne Yesu da kansa. Kalmar da aka juya mana da Jahannama, ko Gidan Wuta a wani juyin, a Helenanci Gehenna ce. Sau 12 ta fito cikin Sabon Alkawari. Sau 11 daga bakin Yesu ta fito, ɗayan kuma yana cikin wasiƙar Yaƙub 3:6, inda yake magana a kan harshe. Wanda ya ce yana ƙaunar Yesu amma zancen hukunci ƙagen masu wa'azi ne, to, sai ya yage shafi da yawa daga Matiyu da Markus da Luka.

Gehenna sunan wuri ne da ake iya takawa da ƙafa. Kwarin Hinnom ke nan, a gefen kudu na Urushalima. A can ne sarki Ahaz da sarki Manassa suka ƙone 'ya'yansu hadaya ga gumaka, kamar yadda 2 Tarihi 28 da 33 suka nuna. Sarki Yosiya ya ƙazantar da wurin don a daina, annabi Irmiya kuma a sura 7 ya ce za a riƙa kiransa kwarin kisa. Daga nan sunan ya zama wa Yahudawa sunan wurin hukunci na ƙarshe. Kalmar Larabci Jahannam daga wannan tushe take, watau mu da maƙwabtanmu Musulmi suna ɗaya muke kira. Akwai labarin da masu wa'azi suke so ƙwarai, cewa kwarin nan juji ne inda wuta ba ta mutuwa a zamanin Yesu. Labarin yana da daɗin faɗi, amma wani malamin Yahudawa mai suna Dauda Kimhi ne aka fara samunsa a rubutunsa wajen shekara ta 1200, fiye da shekara dubu bayan Yesu. Gara a tsaya a kan abin da ke rubuce, gama wurin da iyaye suka jefa 'ya'yansu a wuta ya isa abin ƙyama ba sai an ƙara masa shara ba.

Yaya kamanninta? Nan ne masu bi suka daɗe suna ja. Littafi ya yi maganar wutar da ba ta mutuwa, ya yi maganar baƙin duhu, da tsutsa, da cizon haƙora, da ƙofar da aka rufe. Ɗan makaranta ma zai tambaya yadda wuta da duhu za su zauna wuri guda. Agustin, bishop na Hippo a Afirka ta Arewa, wanda ya rasu a 430, ya tsaya a kan cewa wuta ce ta ainihi, har abada. Yohanna Kalbin ya ɗauki wutar a matsayin misali na azabar da harshe ba ya iya kwatantawa. A 1988 John Stott, sanannen malamin Anglika na Ingila, ya rubuta cewa ya fi karkata ga ra'ayin cewa wutar tana cinye mugaye su ƙare ɗungum, aka kuwa yi masa ca. A 1999 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya koyar cewa jahannama hali ne na wanda ya raba kansa da Allah ƙwata-ƙwata, fiye da a ce wuri ne. Yawancin ikkilisiyoyinmu suna koyar da azaba ta har abada wadda mutum yake cikin saninsa, ni ma a nan nake tsaye saboda Matiyu 25:46, inda kalma ɗaya ta auna tsawon rai da tsawon hukunci. Amma ban ga abin faɗa a kan ko wutar irin ta murhu ce ba. A kwalejin horon malamai an koya mana mu ɗauki abin da yaro ya sani mu nuna masa abin da bai sani ba, kullum kuwa misalin ya kan kasa ainihin abin. In wuta misali ce, to, abin da take nunawa ya fi wuta. Duk waɗannan malamai kuma bakinsu ɗaya a kan cewa rabuwa ce da Allah, ba kuma a komowa.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda aka yi wa maganar. Ku ɗauki Littafi ku bi wuraren nan 11 ɗaya ɗaya. A Matiyu 5, almajiransa ne da taron Yahudawa a kan dutse, laifin kuwa zagin ɗan'uwa ne da kallon sha'awa. A Matiyu 10 da Luka 12, almajiransa ne. A Matiyu 18 da Markus 9, su ne dai, yana gargaɗinsu a kan sa ƙanana tuntuɓe. A Matiyu 23, malaman Attaura ne da Farisiyawa, mutanen da suke fid da zakka har daga ganyen miya. Ko sau ɗaya bai jefi Baroma ko Basamariye da kalmar nan ba. Ran da jarumin Romawa ya nuna bangaskiya, a Matiyu 8, sai Yesu ya juya ya ce baƙi za su zo daga nesa su zauna tare da Ibrahim, 'yan gida kuwa a fitar da su cikin duhu. Mu ne muke kiran kanmu 'yan gida yau.

Ku dubi mai arzikin nan na Luka 16. Mai addini ne, Ibrahim yake kira uba. Ba a ce ya yi sata ba, ba a ce ya yi tsafi ba, ba a ma ce ya kori Li'azaru ba. Ya dai riƙa tsallake shi a ƙofar gida safe da yamma, ga abinci yana zuba daga tebur. Ya san sunansa sarai, don da ya ɗaga ido cikin azaba da suna ya ambace shi, har yana neman a aike shi kamar bara. Haka kuma awakin Matiyu 25. Ubangiji suke ce masa. Abin da aka lissafta musu yunwa ce da ƙishi da baƙunci da tsiraici da ciwo da kurkuku na waɗansu, waɗanda suka gani suka wuce.

To, mu kawo zancen gida. Ƙungiyar gama kai ta sami taki da rangwame, buhu kaza, aka ƙara sunayen mutanen da ba su da ko kunya ɗaya, rabi ya bi ta bayan gida ya shiga kasuwa. Shugaba dattijon ikkilisiya ne, ma'aji yana cikin ƙungiyar mawaƙa, kowa ya sani, kowa ya yi shiru don kada a ɓata zumunci. Mutum yana da mudu biyu, babba na saye, wanda aka bubbuge gindinsa na sayarwa. A watan Agusta, lokacin da rumbun talaka ya zama wayam, a ba shi buhu ɗaya ya biya biyu da kaka, a ce an taimake shi. 'Yan ƙodago su wuni suna huɗa, a ce su dawo ran kasuwa, ran kasuwa ta zama wata uku. Miji ya mutu, kafin a share makoki 'yan'uwansa sun raba gonar, gwauruwa da marayu su koma roro a gonar da ta kasance tasu. Ba wani daga waje ya yi mana waɗannan ba. Amos 8 ya yi maganar masu rage mudu da masu sayar da ƙaiƙayi a cikin hatsi, Yaƙub 5 kuma ya ce hakkin masu girbi da aka danne yana kuka har ya kai kunnen Ubangiji. Sau nawa muka ji an haɗa wa'azin gidan wuta da mudu? Giya da rawa da tufafin 'yan mata, su kam kowane mako suna shan wuta daga bagade.

Na san wani zai ce, Malam, ai ceto ta wurin alheri ne, ba ta ayyuka ba. Gaskiya ne, ba kuwa wanda zai sayi sama da buhun masara. Amma manomi bai kamata a yi masa dogon bayani a nan ba. In ka dasa mangwaro shekara goma bai taɓa yin ɗa ba, ganyensa ba zai hana ka tambaya ko mangwaro ne ba. Wani kuma zai ce, ai Yesu ne kaɗai hanya, don me ba za mu faɗa wa na waje inda za su ba? Na gaskata Yohanna 14:6. Abin da ya ɗora mini shi ne nauyin shaida, da addu'a, da zaman kirki da maƙwabcina har ya yarda ya saurare ni. Kujerar alƙali kuwa ba a ba ni ba. Duk wanda ya noma gero ya san shibra. Tun tana ƙarama ba ka raba ta da gero, sai ta fid da kai. Barorin da ke cikin misalin Matiyu 13 sun so su shiga gona su tumɓuke muguwar ciyawa, maigida ya hana, don kada su haɗa da alkama. Masu girbin ma da ya ambata mala'iku ne.

Mu mutanen Kaduna mun ga abin da ya kan faru in mutum ya ɗauki aikin nan a hannunsa. Rikicin Shari'a da ya tashi ran 21 ga Fabrairu 2000, ya sake tashi a watan Mayu, ya ci rayuka fiye da dubu. Na Nuwamba 2002, a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, ya ci fiye da 200. Tun daga nan gari ya rabu, Kirista da yawa suka koma Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi, Musulmi suka tattaru a Tudun Wada da Rigasa da sauran unguwanni. An ƙone mana majami'u, an kashe mana mutane, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Amma ran 17 ga Yuni 2012, bayan an tayar da bom a majami'u a Zariya da Tirkaniya, samarinmu ne suka tare hanyar Abuja wajen Gonin Gora suka kashe matafiyan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Yaron da ya girma yana ji a gida cewa mutanen can itacen wuta ne, ba zai ji nauyin ƙyasta ashana ba. Yaƙub da Yohanna sun taɓa neman izini su kira wuta daga sama a kan wani ƙauyen Samariyawa da ya ƙi karɓarsu. Luka 9 ya ce Yesu ya juya ya tsauta musu, suka wuce wani ƙauye. In da gaske mun gaskata mutumin da ya mutu ba tare da Kristi ba ya hallaka, ai mu ne ya kamata mu fi kowa tsoron a taɓa ransa. Pasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a faɗan 1992, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, amma tun 1995 suke aikin sulhu tare a garin nan, ba kuwa wanda ya bar addininsa a cikinsu.

Akwai kuma masu yawo da labarin wai sun mutu sun je wuta sun dawo, sun ga mata saboda 'yan kunne da ƙarin gashi. Ana tura muryoyinsu ta waya, mata a zumunta suna kuka. Mai arzikin Luka 16 ya roƙi daidai wannan, a aiki wani daga matattu ya gargaɗi 'yan'uwansa biyar, aka ce masa suna da Musa da annabawa. Ban taɓa jin ɗaya daga cikin masu dawowan nan ya ce ya ga mai ɓoye hatsi a can ba. A ɗaya gefen kuma ga masu wa'azin da suka share zancen hukunci gaba ɗaya, sai mota da gida da buɗi. Wanda ya ci kuɗin ƙungiya ya fi kowa jin daɗin irin wannan wa'azi.

Shawarata ga shugabannin ƙungiyoyinmu ita ce, a taro na gaba a karanta Luka 16:19-31 kafin a buɗe littafin kuɗi, sa'an nan ma'aji ya karanta lissafi da ƙarfi, suna da suna, buhu da buhu. A kawo mudun kowa a gwada da mudu ɗaya a gaban jama'a. A rubuta gidajen gwauraye da marasa lafiya da ke kewaye da mu, na majami'a da na masallaci, a ware musu wani abu daga rumbun ƙungiya tun da kaka, kafin farashi ya tashi. Inda aka ba da bashin hatsi a bara, a zauna da pasto da dattawa a duba nawa aka karɓa a kan kowane buhu, wanda ya wuce kima a mayar wa mai shi kafin a fara sharar gona.