Salansa Mai Ruri: Ƙarfi Take Ƙara Wa Mota Ko Ƙara Ce Kawai?

Idan kana yawan leƙa TikTok ko Facebook, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba: an kafa waya a bayan a-kori-kura, direba ya taka totur, salansa ta yi ruri kamar zaki, a ƙasa kuma an rubuta "yanzu ta ƙara wuta". Yayin bai tsaya a cikin waya ba. Ka ɗan tsaya a mahaɗar Kalgo, inda motocin Jega da na Birnin Kebbi da na Bunza ke giftawa, ko ka zauna bakin titi a Gwandu da yamma, za ka ji Hilux da kanta, har da baburan kabu-kabu, waɗanda aka sauya wa salansa ko aka huda ta asalin. Ka tambayi mai abin, amsa ɗaya ce: "Ai inji ya samu numfashi, ta fi ja."

To, da gaske ne? Tambayar ba ta wasa ba ce, domin tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, duk abin da ya taɓa inji ya taɓa aljihu. Kafin ka kai kuɗinka wurin mai walda, zo mu duba lamarin a tsanake.

Mu fara da aikin salansar kanta. Inji yana shaƙar iska da mai, ya matse su, su kama wuta, sannan bawul ya buɗe hayaƙi ya fita da ƙarfi. Kowace fitar hayaƙi tamkar ƙaramar fashewa ce, kuma hakan na faruwa sau dubbai a minti ɗaya. Salansa ce ke kashe kaifin wannan ƙarar. Irin wadda kamfani ke sakawa tana da ɗakuna da shingaye a ciki, sautin ya yi ta karo da kansa har ya raunana. Irin ta 'yan gayu kuwa, galibi bututu ne miƙaƙƙe mai ƙananan huji, an naɗe shi da wani abu kamar auduga, hayaƙi ya wuce kai tsaye.

A nan masu sayarwa suke da ɗan abin kamawa. Gaskiya ne, idan hanyar hayaƙi ta ƙuntata, inji zai ɓata wani ƙarfinsa wajen tura shi waje. Idan ka buɗe hanyar, ka rage masa wannan wahala. Sai dai a motar da ba a taɓa injinta ba, ba salansa kaɗai ke tsare numfashi ba. Akwai matatar iska, akwai girman bawul, akwai bututun da ke tattara hayaƙi daga kan inji, akwai kwamfutar da ke auna yawan man da za a watsa. Kamar gona ce mai kwalbati biyar a jere: ka faɗaɗa na ƙarshe, ruwan da zai iso maka shi ne dai wanda huɗun farko suka bari ya wuce.

Mu yi lissafi. Hilux mai injin fetur lita 2.7 tana ba da ƙarfin doki wajen 160. A ce ma sabuwar salansa ta ƙara mata kashi 3 cikin 100, ka samu doki biyar ke nan, kuma irin wannan ƙarin yakan fito ne sai inji na ihu a ƙarshen totur. Kai da ka ɗauko buhunan albasa daga Aliero ko shinkafa daga fadama, ba a nan kake tuƙi ba. Abin da kake buƙata shi ne ƙarfin ja tun daga ƙasa, lokacin da mota ke tashi da lodi ko take hawa tudu. A injin fetur marar tabo, bututun da ya yi faɗi fiye da kima yana rage gudun hayaƙi, wannan ƙarfin na ƙasa ya ragu. Ka biya kuɗi ka sayo abin da ba ka amfani da shi, ka rasa wanda kake ci da shi.

Babur kuwa lissafinsa ya fi ban dariya. Boxer mai inji 100 ƙarfinsa bai wuce doki takwas ko kusa da haka ba. Kashi 3 cikin 100 na takwas bai kai rabin doki ba. Ga shi yawancin baburanmu da kafireta suke aiki, wadda aka saita ta daidai da salansar kamfani. Ka huda salansa ba ka sake saiti ba, haɗin mai da iska zai iya sirancewa, inji ya riƙa zafi, bawul ya ƙone kafin lokacinsa.

To me ya sa direba ke rantsuwa cewa motar ta ƙara ƙarfi? Ba ƙarya yake yi da gangan ba, kunne ne ke yaudarar sa. Mun saba haɗa ƙara da gudu, sai ƙwaƙwalwa ta cike sauran. Na biyu, wanda ya saka sabuwar salansa so yake ya ji muryarta, sai ya riƙa taka totur fiye da da. Motar ta fi gudu kam, amma ƙafarsa ce ta sauya, kuma gidan mai ne zai ci ribar.

Ita kanta ƙarar ba wani ƙarfi ba ce. Doki ɗaya daidai yake da wat 746. Abin da ke fitar da sautin da ƙarfinsa a tushe ya kai desibel 120, ƙara mai gigita unguwa, wat ɗaya tak yake kashewa a kan sautin. Cajar wayarka ta fi haka. Ka duba gasar tseren motoci ta Formula 1: a 2014 an bar manyan injuna masu silinda takwas aka koma masu shida, lita 1.6, da tabo da taimakon lantarki. 'Yan kallo suka yi ta ƙorafi cewa ƙarar ta mutu, amma cikin 'yan shekaru sababbin injunan suka zarce tsofaffin a ƙarfi, kuma da mai kaɗan. Motar lantarki ma shiru take tashi, ta bar mai ruri a baya. Da ma an ce gwangwanin da babu komai a ciki ya fi ƙara.

Ta ɓangaren sauti fa? Nan kam salansa tana sauya abu, babu musu. Amma ka san wani abu: rugugin nan mai daɗi da kake ji a bidiyon Ford F-150 na Amurka, sanye da Flowmaster ko Borla, daga injin silinda takwas yake fitowa, daga yadda silindojin ke karɓa-karɓa wajen kama wuta. Salansa tana tace muryar da inji ke da ita ne, ba ta ƙirƙiro masa wata. Injin silinda huɗu ba zai yi wannan muryar ba ko nawa ka kashe, balle babur mai silinda ɗaya. Abin da yawanci ake samu shi ne kwaratsi a waje, da wani gunji a cikin mota da ke sa ciwon kai a doguwar tafiya.

Yanzu ga asarar da ba a sakawa a bidiyo. Ta farko kunnenka. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta sa iyaka a desibel 85 na awa takwas a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 100 kuwa minti 15 kacal. Direban da zai tashi daga Kalgo zuwa Kamba ya dawo, da yaron motarsa, su ne na farko da ke shan wannan ƙara, ba mutanen gefen hanya ba. Kuma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta riga ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Mu da kullum abin sauraro ke maƙale a kunnenmu, ina dalilin ƙara wa kanmu?

Ta biyu, "indomi". Haka makanikai ke kiran matatar hayaƙin nan mai kama da saƙar zuma da ke gaban salansa. Tana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa take da kasuwa. Idan za a yi maka aikin salansa, ka tsaya a kai, kada a ce maka "ita ce ke toshe mota" a cire, wani ya sayar. In babu ita, hayaƙin ya fi guba, fitilar gargaɗin inji ta kama, wata motar ma shan manta ya rikice. Haka kuma waldar da ba ta kamu ba tana barin iskar kabon monoksaid ta shiga cikin mota. Ba ta da wari, ba ta da launi, tana sa barci da jiri, tana kisa. Ka tuna da wannan idan kana cikin masu kwana a mota inji na aiki.

Ta uku, jama'a. Salansar da aka huda takan yi tartsatsi da "tau-tau" idan an saki totur, kamar harbi. A jihar da ta ga abin da ya faru a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024, wannan ba abin burgewa ba ne da tsakar dare. Akwai tsoho mai hawan jini, akwai jariri, akwai ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza suna karatun jarrabawa. Kuma doka ba ta yi shiru ba: tun 2009 Nijeriya ke da ƙa'idojin taƙaita hayaniya a ƙarƙashin hukumar NESREA. Rashin tsananta aiwatar da su bai mayar da abin daidai ba.

A yi adalci dai, akwai inda sauyin ke da amfani. Idan salansarka ta ruɓe ko ta toshe, sabuwa za ta dawo maka da ƙarfin da ka rasa, kuma irin ta kamfani ma za ta yi wannan aikin. Injin gas mai tabo ya fi na fetur amfana da buɗaɗɗiyar hanyar hayaƙi, haka motar da aka yi wa cikakken gyara daga matatar iska har saitin kwamfuta. Amma wannan aikin ƙwararru ne masu na'urar auna ƙarfin inji, ba na tsinin ƙusa da guduma ba.

Kada ka yarda da ni, kada ka yarda da mai bidiyo, ka gwada. Cika tanki, rubuta kilomita, yi aikinka na mako, sake cikawa ka ga lita nawa ta sha. Ka sa abokinka ya riƙe agogon waya a hanya ɗaya marar cunkoso, da lodi iri ɗaya, ya auna daƙiƙa nawa take ɗauka daga tsaye zuwa gudun 60. Mai shirin sauya salansa ya yi haka kafin da bayan aikin, sannan ya zo ya nuna mana lambobin.

In ƙarfi kake nema da gaske, kuɗin nan ka sa su a sabuwar matatar iska, ga ƙurar hunturu da ke toshe ta cikin 'yan makonni. Ka sauya filogi, ka wanke nozul, ka juye baƙin mai a kan lokaci, ka duba iskar taya, ka daina lodin da ya fi ƙarfin mota. Babu ɗaya a cikinsu da zai kawo maka mabiya a TikTok, amma za ka ga bambancin a gidan mai ƙarshen wata.