Wasiƙa Zuwa ga Masu Girka Tankin Kifi a Ɗakin Ƙarƙashin Ƙasa

Zuwa ga magina, injiniyoyi, masu aikin famfo da wayarin, da 'yan'uwa masu haɗa tankunan kifin ado.

Ina so in ja hankalinku kan wata kwangila da ta fara fitowa daga manyan gidaje da otal-otal. Mai gida ya haƙa ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, yana so a girka masa ƙaton tankin gilashi cike da kifi masu launi, ya riƙa zama da baƙinsa suna kallo. A Amurka da Turai, inda irin wannan ɗaki ba baƙon abu ba ne, an daɗe ana yi, an kuma daɗe ana kuka da ɓarnar da ke biyo baya. Duk wanda ya karɓi wannan aiki ya sani cewa ɗakin gaba ɗaya ya karɓa, tun daga daɓe har silin, har da iskar da ke cikinsa.

Nauyi shi ne abin da kowa ke fara tunawa, don haka ba zan daɗe a kansa ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai tsawon mita 3, faɗin mita 1, zurfin mita 1, ya ɗauki tan 3 ke nan na ruwa zalla. A haɗa da gilashi da yashi da duwatsu da ƙarfen da zai zauna a kai, ya doshi tan 4. Ƙa'idojin gini na Ingila da Amurka suna lissafa daɓen ɗakin zama ne a kan kilo 150 zuwa 200 a kowace murabba'in mita, wannan kuwa ya haura 1,000. Wasu na cewa ai ƙasa ce a ƙarƙashi, ba dekin bene ba. Gaskiya ne, amma in ciko ne da ba a danne shi sosai ba, ƙafa ɗaya za ta nutse kaɗan, tankin ya murɗe, gilashi kuwa ba ya lanƙwasa. Injiniya ya zana masa mazauninsa daban, da rodinsa, tun kafin a zuba kankare.

A ranar 16 ga Disamba 2022, da asuba, tankin AquaDom da ke cikin otal ɗin Radisson a Berlin ya fashe. Tsayinsa mita 16, ruwan cikinsa lita miliyan 1, kifayensa kusan 1,500, kuma ƙwararru ne suka gina shi a ƙasar da ba ta wasa da dokar gini. Ruwan ya fasa ƙofofi ya fita titi, mutum biyu suka ji rauni. A ƙarƙashin benen akwai wasu ƙananan tankuna masu ɗaruruwan kifi. Su ba su fashe ba, amma da wuta ta yanke injinan da ke ba su iska suka tsaya, sai da aka yi gaggawar kwashe su. Tambayar da ya kamata ku ɗauka daga nan ita ce: in wannan ruwa ya zube, ina zai nufa? A ƙarƙashin ƙasa ba shi da mafita, tunda magudanar gida tana sama da daɓen. Dole a yi rami a kusurwa, a karkata daɓen zuwa gare shi, a sa famfon da zai tashi da kansa ya tura ruwan sama, a kuma haɗa shi da batir.

Fashewa dai ba kullum take faruwa ba. Ruwan da ke tashi daga tankin ya shiga iska, shi kullum ne, dare da rana, kuma shi ne yake cin gini a ɓoye.

Ku yi wannan lissafi a gaban mai gida. Fuskar ruwan tankinmu murabba'in mita 3 ce, saboda haka duk milimita ɗaya da ruwan ya ja baya, lita 3 ce ta tashi. Ku manna salatif a jikin gilashi daidai bakin ruwa, ku dawo washegari da rula. In ya sauka da milimita 5, lita 15 ke nan. To, ɗaki mai mita 6 da 5 da tsayin mita 3, a zafin digiri 25, iskarsa ba ta iya riƙe fiye da wajen lita 2 ko da ta ƙoshi ƙwarai. Sauran fa? Yana neman wuri mafi sanyi ya kwanta, kamar yadda gorar ruwan sanyi ke gumi in an fito da ita daga firji. Bangon da ke jingine da ƙasa, bututun ruwan sanyi, bayan silin inda ido ba ya kaiwa. Da farko fenti ne zai kumbura, ku taɓa shi ya fashe ya zubo da farin gari. Sai baƙin hunhuna a kusurwa da warin da turare ba ya kashewa. In ruwan gishiri ne, irin na kifin teku, feshinsa yana bushewa a kan soket da ƙarfe ya bar ɓawo, tsatsa ta kama, ta bi tsagar kankare har ta kai ga rodi.

Mafi arha a cikin magunguna shi ne murfi. Tankin da aka rufe, da ƙaramin tankin tacewa da ke ƙarƙashinsa (shi ake yawan mantawa), sun rage matsalar tun daga tushe. Bayan haka a ware wa injina ɗakinsu, a shafe bango da silin da fentin da laima ba ta ratsawa, a sa fanka mai zuƙe iska wadda bututunta ya fita waje sosai. Bututun da ya ƙare a cikin silin kuwa, kwashe laimar kawai aka yi aka kai ta inda ba za a gan ta ba. A rataye ma'aunin laima a bango. Abin da ake nema shi ne ya tsaya ƙasa da kashi 60 cikin 100.

A nan ne kwaikwayon littafin Turawa kai tsaye zai yaudare ku. Su yanayinsu daban yake da namu. Mu a Abuja ko Kaduna, a watan Agusta iskar waje ita kanta jiƙe take, fanka za ta fitar da laima ta jawo wata. Damina sai da na'urar tsotse laima, ko esi da aka ja wa bututun zubar da ruwa. Da hunturu kuma fankar za ta yi aiki sarai, sai dai tankin zai riƙa shan ruwa fiye da kullum. A tsara wa lokutan biyu.

Akwai kuma haɗarin da ita fankar ke jawowa. Duk iskar da aka fitar, wata za ta shigo ta maye gurbinta, in ba ku buɗe mata hanya ba za ta nemo da kanta: ta bututun hayaƙin hitar gas, ta garejin mota, ko ta tagar da ke kusa da janareta. Gubar da ke cikin hayaƙin nan, wadda ke kashe iyali cikin barci, ba ta da wari. Ku buɗe mashigar iska mai tsabta nesa da salansa, kuma ko mai gida ya roƙa kada ku yarda a ajiye janareta a ƙasa. Haka tukunyar iskar kabon da masu shuka ciyawa ko murjani a tanki ke amfani da ita: wannan iska ta fi ta shaƙa nauyi, in ta tsiyaye a ƙasa take taruwa, kilo ɗaya na cikin tukunya kan zama wajen lita 500. A ɗaure tukunyar a tsaye, a kafa na'urar gargaɗi kusa da daɓe.

Masu wayarin, naku gajere ne. Kowane soket ya bi ta makashin da ke yanke wuta da zarar ta fara zurara, a yi wayar ƙasa ta gaskiya, a ɗaga komai sama da inda ruwa zai iya kaiwa. Mai kula da tankin zai tsoma hannu har kafaɗa, ƙafarsa a kan jiƙaƙƙen daɓe.

Najeriya na da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, kuma hukumomi irin su KNUPDA a Kano da sashen kula da gine-gine na Abuja su ke amincewa da zane. Sau da yawa zanen da aka kai musu “sito” ko “falo” aka rubuta a wannan ɗaki, maganar tanki daga baya ta zo. Ku mayar da zanen, injiniya mai rajista da COREN ya sa hannu a kan nauyin, a nuna rami da famfo da hanyar iska. A duba matakala ma: kada tankin ya tare mafita, kuma gilashi mai tsawon mita 3 ya samu ta inda zai sauka.

Kafin a rufe silin, kafin a sayo ko kifi ɗaya, ku cika tankin ku kunna komai, ku bar shi mako biyu kuna rubuta abin da ma'auni ya nuna safe da yamma. Ku kashe wuta da gangan na dare ɗaya, ku ga me ya tsaya, me ya ci gaba. Takardar ku ba mai gida kwafi, ku riƙe kwafi.

Wassalam.

Naku,
ɗan'uwanku a sana'a