RA'AYI: Jami'i mai tafiya aiki Maiduguri, a duba tufafi kafin a hau jirgi

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin jiran fasinja na Filin Jirgin Sama na Nnamdi Azikiwe da sassafe ya san ma'aikatan gwamnati iri biyu. Ga babban jami'i ya sha babbar rigar shadda mai sitaci, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ga kuma hadiminsa da wandon motsa jiki da silifas, wai ai hanya ce kawai. Dukansu sun yi kuskure, domin aikin wakilin gwamnati yana farawa ne tun daga matakalar jirgi.

Daga Abuja zuwa Maiduguri tafiyar kimanin awa ɗaya da rabi ce. Mutum zai fito daga sanyin jirgi, ya sauka a Filin Jirgin Sama na Muhammadu Buhari, ya ci karo da zafin da kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Wanda ya ɗaure wuyansa da kwat mai kauri, kafin ya isa ɗakin taro gumi ya gama da shi. Idan kuma lokacin hunturu ne, ƙura kan jinkirta tashin jirage, a shafe sa'o'i a zaune. Kaftani na yadin auduga, da hula, da takalmi rufaffe marar nauyi, sun fi jure duk waɗannan.

Akwai kuma batun tsira da rai. Ƙa'idar ƙera jiragen fasinja ita ce a iya fitar da kowa cikin daƙiƙa 90 idan an shiga hatsari. Hannun babbar riga na iya sarƙewa a jikin kujera, silifas na iya fita daga ƙafa, takalmi mai tsini kuwa sai an cire shi kafin a sulale ƙasa. Yadin roba yakan narke a jiki idan ya haɗu da wuta.

Amma abin da ya fi nauyi shi ne idon mutanen da za a tarar. Maiduguri ce hedikwatar Hukumar Raya Yankin Arewa Maso Gabas, kuma yawancin aikin da ke kai jami'an tarayya can ya shafi waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu, ko waɗanda ambaliyar Dam ɗin Alau ta Satumban 2024 ta cinye wa dukiya. Jami'in da ya tsaya gaban irin waɗannan bayin Allah cikin shaddar da kuɗinta zai ciyar da gida guda wata ɗaya, ya riga ya yi jawabi tun bai buɗe baki ba. Wanda ya je musu a wulaƙance kuma, ya nuna bai ɗauki zuwan da daraja ba.

Ba a ce a yi watsi da babbar riga ba. Borno ƙasar sarauta ce, kuma mai shiga fadar Shehu Abubakar ibn Umar Garbai El-Kanemi dole ya shiga da kamala. Wurinta jakar hannu, a ninke, tare da hular zanna, har lokacinta ya yi. A nan ne aikin hadimi yake: ya san jadawalin ranar, kuma kada ya bar kayan taro a akwatin da zai iya makalewa a Abuja. Jami'ai mata ma haka: doguwar riga mai sauƙi da mayafin da ba ya jan ƙasa sun isa hanya, laffaya ta jira zaman taro.

Wasu za su ce aiki ake dubawa, ba riga ba. Gaskiya ne. Sai dai mutanen Borno sun ga tawagogi da yawa sun sauka sun tashi, kuma tun daga bakin ƙofar filin jirgi suke gane wanda ya zo aiki da wanda ya zo ɗaukar hoto.