Filin Gida da Iyali: Injin Wanke Darduma da Hukuncin Tsarki

  

Wanda ya tashi a Zangon Paraku ko na Jugu ya san yadda shimfiɗar ɗaki ta sauya a idonmu. A da tabarma ce da buzu: a kakkaɓe, a shanya a rana, shi ke nan. Yau kuwa da wuya ka shiga falon magidanci ba ka taka kafet ba, wani ma an manne shi daga bango zuwa bango, irin wanda ake kira moket da Faransanci. Masallatan unguwanninmu ma haka suke. To, abin da aka manne a ƙasa ba ya fita rana, kuma jar ƙurar hunturu da ke sauko mana daga Disamba zuwa Fabrairu ba ta san tsadarsa ba. Wannan ne ya sa injin wanke darduma ya fara shiga gidaje, mafi yawa cikin kayan gwanjo da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano.

Mu ma mun ɗanɗana. Ana saura kwana biyu Babbar Sallar 2024, wadda ta faɗo a watan Yuni, muka aro inji wurin wani ɗan uwa, muka zuba masa garin sabulun wanki, muka jiƙa kafet ɗin falo sharkaf. Da dare aka kece da ruwa. Ranar Idi sai a tsakar gida muka tarbi baƙi, domin ɗakin ya ɗauki wani warin da turaren wuta bai iya rufewa ba. Garin neman gira muka kusa rasa ido. Abin da muka koya daga baya shi ne muke son mu gabatar a yau.

Injin yana da tanki biyu. Na farko yana ɗauke da ruwa mai tsabta da sabulu, injin ya fesa shi cikin zaren kafet, buroshi ya goge, sa'an nan ya zuƙe ruwan dattin zuwa tanki na biyu. Haka injunan Kärcher na ƙasar Jamus da na Bissell na Amurka suke aiki. Saboda haka alherin injin yana wajen zuƙewa. Ruwan da ya fesa bai kwashe ba, shi ne zai kwanta a ƙarƙashi ya zama cuta.

Kafin a saye ko a ara, a duba rubutun da ke jikinsa. Wutar da kamfanin SBEE yake ba mu ta bolt 220 ce, alhali injin da aka ƙera domin gidajen Amurka na bolt 120 ne; in aka jona shi kai tsaye, ƙonewa zai yi. A kuma lissafta kuɗin wuta: inji mai wat 1,200 da ya yi aikin awa 2 ya ci kilowat-awa 2.4 daga mitar gida.

Ranar aiki, a fara da share kafet a bushe, da tsintsiya ko injin zuƙe ƙura, domin jar ƙasa in ta haɗu da ruwa taɓo take zama. A gwada sabulun a wani lungu da ido ba ya kaiwa, a danna farin ƙyalle a kai; in launi ya biyo ƙyallen, a dakata. A yi amfani da sabulun da aka yi domin injin, maras yawan kumfa, bisa awon da aka rubuta. Garin sabulun wanki yana cika tankin datti da kumfa har ta kai ga motar injin, kuma ragowarsa yana sa zare ya yi danƙo ya riƙa kama ƙura fiye da da. Ruwa mai ɗumi ya isa. Tafasasshe yana takura dardumar ulu. A ja injin sannu a hankali, fesawa sau ɗaya, zuƙewa sau biyu ko uku ba tare da fesawa ba. Bayan an gama a buɗe tagogi, a kunna fanka, kada a mayar da kujeru sai an taɓa an ji ya bushe har ƙasa. Fumfuna kan fara tsiro a jiƙaƙƙen abu cikin awa 24 zuwa 48, kuma jariri mai rarrafe da mai ciwon asma su ne farkon waɗanda za su shaƙe ta. Don haka babban wanki na rani ne, da safe. Da damina, daga Mayu zuwa Oktoba, a taƙaita ga wurin da ya ɓaci kawai.

Game da daɓen karo da na siminti, sai in injin yana da bakin da aka yi masa domin haka, mai leɓen roba da ke tattara ruwa. Buroshin kafet yana iya karce karo mai sheƙi. Kada a sa lemun tsami ko wani abu mai tsami a kan marmara, yana cinye fuskarta. Daɓen ƙasa kuwa ba wurin inji ba ne. Ruwan jabel da muke so ƙwarai yana kashe launin kafet, yana cin ulu, kuma in aka gauraya shi da maganin wanke masai mai tsami yana fitar da iskar da ke ƙona huhu. A nisantar da wayar wuta daga jiƙaƙƙen wuri, a cire ta daga bango kafin a taɓa tanki, kada kuma a bar wa yara aikin.

Yanzu sai abin da ya fi damunmu a matsayinmu na Musulmi. A kan wannan kafet ne yaro yake fitsari, a kansa kuma uwa take shimfiɗa sallarta. Shin in inji ya bi ta kai, ƙamshi ya tashi, wurin ya tsarkaka? Tsafta daban, tsarki daban. A mazhabar Imamu Malik da muka karanta a zaurukan malamanmu, tun daga Ahalari da Ishmawi har zuwa Risala da Muhtasar, ba a kawar da hukuncin najasa sai da ruwa tsantsa, wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa bai jirkita da wani abin da aka zuba masa ba. Ruwan da sabulu ya sauya yana da tsarki a kansa, amma ba ya tsarkake waninsa. Asalin wannan babi sananne ne: Buhari da Muslim sun ruwaito labarin baƙauyen da ya yi fitsari a masallacin Madina, sahabbai suka yunƙura masa, Manzon Allah (SAW) ya hana su, da ya gama aka kwarara gugan ruwa a wurin.

Hanyar kuwa mai sauƙi ce. A fara ɗauke najasar da tsumma. A ɗauraye tankin farko har ya rabu da sabulu, a cika shi da ruwan famfo ko na rijiya, a fesa a wurin sosai, a zuƙe, a maimaita har ruwan da ke dawowa ya daina ɗaukar launi ko warin najasar. Daga nan wurin ya tsarkaka, sai a bi da sabulu in ana so. Malamai sun yi sauƙi game da tabo ko warin da ya ƙi fita bayan an yi iyakar ƙoƙari, saboda haka kada waswasi ya sa a yi ta tuttula ruwa har kafet ya ruɓe. Ruwan tanki na biyu kuwa, in najasa ta sauya shi, najasa ne: a zubar a masai, kada a watsa a tsakar gida inda ake alwala. A kan karo da siminti aikin ya fi sauƙi: a ɗauke najasar, a kwarara ruwa, a tsane. Wanda ya gamu da mas'alar da ta shige masa duhu, ya tambayi limamin unguwarsu.

Muna da shawara ga kwamitocin masallatai. Ba kowane gida ne zai iya sayen inji ba, ba kuma kowane gida ne yake bukatarsa kullum ba. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja, suka yada zango a Jugu, sun san amfanin haɗa guzuri. In jama'ar masallaci suka haɗa kuɗi suka sayi guda ɗaya, aka danƙa shi hannun matasa biyu da aka koya wa aikin da hukuncinsa, za a wanke shimfiɗun masallaci kafin azumi, a kuma ba gidaje haya da ɗan abin da zai isa gyara. A rubuta sunan mai ɗauka, a karɓa a wanke, a bushe. Aro amana ne. Wanda ya ɓata da sakaci ya biya, ba tare da an kai ga ɓacin zumunci ba.

Daga ƙarshe muna roƙon iyayenmu maza su tuna cewa jan wannan inji da ɗaga kujeru aiki ne mai nauyi, bai kamata a bar wa mata su kaɗai ba. Goshin da zai yi sujada a wurin na kowa ne. Allah Ya tsarkake zukatanmu da gidajenmu, Ya karɓi ibadunmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.