ZAUREN MASU MOTA: Amortisor mai saiti ba ya ɗaukar buhu

Duk wanda ya bi hanyar Yamai zuwa Damagaram a shekarun 1980 ya san Peugeot 504. Ita ce motar alhazan Maraɗi, ita ce ta manyan ma'aikata, ita ce kuma ta tasha. An fito da ita a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969, kana masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da harhaɗa ta har cikin shekarun 2000. Yau an daina ƙera ta, amma akwai masu riƙe da tasu riƙon gado. Cikinsu wasu kan yi sha'awar sa mata amortisor mai saiti a gaba, wato wanda ake iya ƙara wa tauri ko a sassauta shi. Shawara ce mai kyau, muddin mai mota ya san abin da ya saya.

Da farko dai, amortisor, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira shokazoba, ba shi ke ɗauke da nauyin mota ba. Wannan aikin resor ne, ƙarfen nan mai murɗi. Resor in an danne shi aka saki sai ya yi ta rawa. Amortisor ke tsai da rawar. Cikinsa akwai mai da fistan mai ƴan ƙananan ƙofofi, kuma wahalar da man ke sha wajen ratsa ƙofofin ita ke cinye ƙarfin girgiza ta mai da shi zafi. Saitin da ake magana a kai takura hanyar man nan ne ko buɗe ta. Saboda haka ɗan kasuwar da ke zaton zai murɗa amortisor domin mota ta ɗauki ƙarin buhunan wake, ko ta ƙara tsawo daga ƙasa, ya yi asarar kuɗinsa. In gaban mota ya durƙusa, resor ne ya gaji, shi za a canza.

Gaban 504, kamar na yayarta 404 da ta fito a 1960, an gina shi bisa tsarin da ake kira MacPherson: amortisor na cikin wani bututun ƙarfe, resor na kewaye da shi, ƙasansa na riƙe da ƙafar mota, samansa na ɗaure a jikin mota. Dukansa yana juyawa tare da sitiyari. Ke nan wanda ya taɓa wannan wuri ya taɓa tuƙin motar baki ɗaya. Kafin a sayi komai, sai makanike ya duba ko bututun ya lanƙwashe, ya duba robobi da rotil da mazaunin sama. Sabon amortisor bisa matattun robobi gyaran gangar auzinawa ne.

Wajen sawa, akwai ƙa'idodin da ba a yi musu kasala. Ana canza biyun ne tare, hagu da dama. Mota ta zauna bisa matokarai masu ƙarfi, kada a dogara da jak shi kaɗai. Abu mafi haɗari shi ne resor, domin a danne yake da ƙarfin da ya isa ya karya hannu ko ya fasa fuska. Ba a kwance notin sama sai an kama resor da na'urar matse shi. Garajin da ke ɗaure shi da igiya ko waya, ya sa yaro ɗan koyo ya riƙe, wasa yake da ran ɗan mutane, kuma mai mota na da ikon ya ƙi. Bayan nan a buɗe bututun, a fitar da tsohon ciki da tsohon mai, a zura sabon. Kada a kama sandar nan mai sheƙi da filaya, domin ƙarcewa kaɗan ta isa ta cinye robar da ke tare mai. Notocin da ke ratsa robobi kuwa, ba a yi musu ɗaurin ƙarshe sai mota ta sauka bisa tayoyinta. A ƙarshe a kai ta a daidaita ƙafafun gaba.

Sai batun saiti, inda mafi yawa ke kuskure. Kamfanin Koni na ƙasar Holan shi ya yi suna da wannan sana'a. Jajayen amortisor nasa na gargajiya ana saita su ne kafin a ɗaura: a cire robar tsayawa in akwai, a danna sandar har ƙarshe, a juya ta hagu a hankali har ta shiga mazauninta, sannan duk juyin da aka yi dama ƙarin tauri ne wajen miƙewa. Wasu iri kuma ta sama ake murɗa su ba tare da an kwance komai ba, abin da ke rage kuɗin aiki, tun da a tsarin MacPherson kowane sake saiti na irin farko sai an sake sauke ƙafar duka. Ko wane iri ne, adadin juyin hagu shi ne na dama, kuma ya kamata a rubuta shi a ajiye tare da takardun mota.

Sabon amortisor daga wuri mai taushi ake farawa. Jama'a da dama na ganin tauri shi ne ƙarfi, alhali a hanyoyin ƙasar nan ba haka abin yake ba. Bisa hanyar jar ƙasa mai gargada, in amortisor ya cika tauri, resor ba ya samun damar miƙewa kafin tudu na gaba ya sake danne shi. Taya sai ta riƙa tsalle tana barin ƙasa, kuma tayar da ba ta taɓa ƙasa ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari. Bugu da ƙari, dukan da resor ya kamata ya shanye sai ya koma jikin mota, wanda ya riga ya ci shekaru masu yawa, har mazaunin sama ya tsage. Ƙimar 504 tun asali taushinta ne da nisan tafiyar resor ɗinta. Wanda ya mai da ita katako ya raba ta da abin da ya sa ta yi suna. Amfanin saiti na gaskiya shi ne, idan shekaru sun ja amortisor ya fara sanyi, a ƙara masa rabin juyi ya dawo da ƙarfinsa, maimakon a sayi sabo.

Gwaji kuwa a hanya ake yin sa, da irin kayan da aka saba ɗauka. In mota ta wuce rami ta lotsa sau ɗaya ta daidaita, saiti ya yi. In ta ci gaba da lilo, a ƙara kaɗan. In haƙora na haɗuwa, a sassauta. Mai tafiya Tawa ko Agadas da iyalinsa a baya bai kamata ya bar wannan gwaji sai ranar tafiya ba. Rigakafi dai ya fi magani.