Murray Walker Ya Rasu: Mu Ina Namu Masu Sharhin?

Ranar Asabar 13 ga Maris 2021 Murray Walker ya rasu a Ingila yana da shekara 97. In ka tsaya gindin gadar Houéyiho ka tambayi 'yan zem ko wane ne shi, da wuya ka samu wanda ya taɓa jin sunan. Ba laifinsu ba ne. Mu nan Kwatano, tseren motoci na Formula 1 in ma mun kalla, da Faransanci yake iso mana, shi kuwa da Ingilishi ya yi aikinsa. Amma sana'ar da ya shafe sama da shekara 50 yana yi, Bahaushe ya san ta tun kaka da kakanni, kuma ga alama mu a nan muna neman sakinta. Shi ya sa muka tsaya a kansa yau.

An haife shi a Birmingham a 1923. Mahaifinsa Graham Walker gwanin tseren babur ne, wanda daga baya ya koma sharhi a rediyo. Ɗan ya yi soja a rundunar tankokin yaƙi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya gwada tseren babur, ya ga bai kai uban ba, ya haƙura. A 1949 ya yi wa BBC sharhin babban tseren Ingila a filin Silverstone. Abin mamaki, har ya kusa shekara 60 aikin tallace-tallace ne abincinsa, sharhi kuwa sai ƙarshen mako. Daga 1978 ya zama muryar Formula 1 a talabijin na BBC, ya koma ITV a 1997, ya ajiye makirufo a 2001 bayan tseren Indianapolis a Amurka.

Me ya sa mutane suka so shi haka? A tsaye yake sharhi, muryarsa na tashi kamar injin motocin da yake magana a kansu, har tsohuwar da ba ta san birki da totur ba sai ta zauna ta ga ƙarshe. Ga kuskure kamar me! Sai ya ce wane ya riga ya ci, kafin ya rufe baki motar ta mutu. Masu kallo suka riƙa tara waɗannan suɓul-da-baka suna dariya, shi ma yana taya su. Shekara 13 yana aiki da James Hunt, zakaran duniya na 1976, mutumin da halinsu ya sha bamban, kuma makirufo ɗaya aka ba su don kada su riƙa magana a tare. A 1996 da Damon Hill ya zama zakara a Suzuka ta Japan, shekara 21 bayan mahaifinsa Graham Hill ya mutu a hatsarin jirgin sama, Walker ya faɗa wa duniya cewa dole ya yi shiru, kuka ya toshe masa maƙogwaro.

Ranar da ta fi nuna ko shi wane ne ita ce 1 ga Mayu 1994 a Imola ta Italiya. Motar Ayrton Senna ta daki bango, likitoci suka kewaye shi, Walker kuma yana riƙe da makirufo kai tsaye. Bai san halin da Senna yake ciki ba. Bai ce ya mutu ba, bai kuma ce lafiyarsa lau ba. Ya sassauta murya, ya faɗi iya abin da idonsa ya gani, ya bar sauran ga asibiti. Sai da aka ɗauki sa'o'i kafin a sanar da rasuwar. To, mu dubi kanmu. Yaro ya faɗi da babur a kan hanyar Godomey, kafin motar asibiti ta iso hoton jininsa ya zagaye WhatsApp, an riga an rubuta "Innalillahi", uwarsa tana kasuwar Dantokpa tana ciniki ba ta sani ba. Addininmu ya hore mu da tabbatar da labari kafin yaɗa shi, sai ga wanda ba Musulmi ba ya riƙe wannan ladabi a gaban miliyoyin masu kallo.

Wani zai ce ina ruwan ɗan Zongo da wasan attajiran Turai, wanda rabonsa da taka ƙasar Afirka tun tseren Kyalami na 1993? Gaskiya ne, ba kuma cewa muke a koma son Formula 1 ba. Maganarmu a kan murya ce. Wa zai san Shago a yau in ba don Ɗan Anace ba? Wane filin dambe ne yake yin armashi babu sankira? A Nijar, gasar kokowa ta neman takobi da aka fara a Tawa a 1975 ba ta zama abin da take ba sai da rediyo ya kai ta har cikin rugage da harsunan da mutane suke ji. A ɗaya gefen kuma, shekaru da dama tseren Paris-Dakar yana ratsa Agadas da hamadar Tenere, amma labarin da ya saura a faifai kusan duk na baƙi ne, da harshensu, kamar ƙasar babu mutane.

Nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Mu 'yan tsiraru ne a wannan gari. Yaranmu suna karatu da Faransanci, suna wasa da Fon a titi, suna shiga gidan kallo su ji ana ihun cin ƙwallo da Faransanci. Hausa ta rage wa gida da masallaci da ciniki. Harshen da yaro bai taɓa jin an yi murna ko an yi raha da shi a bainar jama'a ba, da wuya ya riƙe shi har ya koya wa nasa ɗan. Alhali kowace majalisar mai shayi a Zongo tana da wani ɗan baki wanda in ya fara ba da labarin wasan jiya sai shayi ya huce a kofi. Wannan baiwa a nan take ƙarewa, babu wanda ya taɓa miƙa masa makirufo, babu wanda ya ɗauki muryarsa. Walker kuwa, tun ranar da ya rasu mutane suke ta sake sauraron sharhinsa na shekaru 30 da 40 da suka wuce, domin an adana.

Kiranmu ga gidajen rediyo masu zaman kansu na Kwatano shi ne su ware ko rabin awa a mako don sharhin wasanni da Hausa, 'yan kasuwarmu kuma su ɗauki nauyin tallar, tunda kuɗinta bai kai na walimar suna ɗaya ba. Ƙungiyoyin matasa ba sai sun jira kowa ba. Gasar ƙwallon unguwanni ta lokacin hutu tana nan tafe: a nemo lasifika, a zaɓi yara biyu masu baki, a ba su makirufo ɗaya kamar yadda aka yi wa Walker da Hunt, wani ya ɗauka da waya a ajiye. A kuma gindaya musu sharaɗi tun daga ranar farko: in ɗan wasa ya faɗi bai tashi ba, ba su ne za su fara faɗin abin da ya same shi ba.

Muna miƙa ta'aziyya ga matarsa Elizabeth.